Yadda Ake Rubuta Jarumin da Ya Gaji Sunan Wani, Mataki-Mataki

Tambaya ɗaya ce ke ta dawo mana daga matasan marubuta na ƙauyukan Kano da Jigawa, masu sakin labari a WhatsApp da masu haɗa wasan kwaikwayo a filin firamare lokacin hutu: jarumina ya mutu, ko ya tsufa, ina so wani ya ɗauki sunansa ya ci gaba, ta ina zan ɓullo wa abin? Wasu ma sun riga sun gwada, masu karatu suka watse tun a babi na uku, suna cewa sabon ba shi da gishiri. Ga tsarin aikin a jere.

Don kada maganar ta tsaya a iska, za mu riƙe misali ɗaya na ƙirƙira har ƙarshe. Jarumin shi ne Burtu, wanda ke fita cikin dare a wani ƙauye na bakin fadama, da kan burtu irin na maharba ɗaure a goshinsa, yana bin sawun ɓarayin dabbobi. Tsohon mai sunan Malam Audu ne, ɗansa na fari Sale, yaron gidansa kuma Habu.

1. Tanadi kayan aiki

Ka sayi littafin rubutu mai 80 guda biyu. Ɗaya na labarin ne. Ɗayan na ajiyar bayanai ne: shekaru, sunaye, wa ya san me, wane kaya ke hannun wa. Ka samu biro kala biyu, shuɗi don duk abin da ya shafi tsohon jarumi, ja don sabon. Idan ka buɗe shafi ka ga shuɗi ya cinye ja, ka san tsoho ya danne magajinsa.

Sai waya mai ɗaukar murya, da ziyara biyu ko uku wurin masu abin: Sarkin Baka na yankinku, wani tsohon ɗan tauri, da makaɗi ko maroƙin da ya iya kirari. Kuɗin wannan mataki bai wuce na mashin zuwa da dawowa ba, da goro, da ɗan abin da za ka ajiye wa dattijo a gefen tabarma, da caji da data.

Hattara: kada ka danna ɗaukar murya sai ka nemi izini, kuma kada ka tambayi haɗin magani. Da zarar ka tambaya, hira ta mutu. Abin da kake nema shi ne yadda ake karanta sawu, yadda ake gane iska ta juya, da abin da ya ji ranar da ubansa ya fara miƙa masa kwari da baka.

2. Gama gina tsohon kafin ka taɓa sabon

A nan mafi yawa ke faɗuwa. Marubuci yana ɗokin sabon jaruminsa, sai ya bar tsohon a matsayin "wani gwarzo da aka yi a da". Mai karatu ba zai ji nauyin rigar da bai ga mai ita ba.

Ka cike shafi biyu da amsar waɗannan: yaushe aka haife shi, yaushe ya fara, me ya tunzura shi, wace bajinta ɗaya ce kowa ke ba da labarinta a dandali, wace doka ya ɗora wa kansa, me yake ɓoyewa, kuma wane ƙaramin hali ne na gida kawai suka san shi da shi. A misalinmu, an haifi Malam Audu a 1958, ya fara ɗaura kan burtu bayan farin 1984, lokacin da aka kore shanun noman ubansa biyu cikin dare. Dokarsa: ba ya zubar da jini, ɗaurewa yake yi ya bar mutum a ƙofar mai gari. Ƙaramin halinsa: ba ya shan fura sai ya rage wa karensa.

Ka jera shekarun a layi ɗaya, ka gwada su da abin da kowa ya sani. Kafin 1991 babu jihar Jigawa, saboda haka ɗan Ringim ko Gumel na 1984 a jihar Kano yake. Wayar hannu ta GSM ta shigo Najeriya a 2001, ta daɗe kafin ta kai ƙauye. Idan tsohonka ya buga wa wani waya a 1990, dattijon farko da ya ji labarin zai tashi ya kaɗe rigarsa.

3. Raba gadon kashi huɗu

Abin da magaji zai karɓa ba dunƙule ɗaya ba ne. Ka ja layi huɗu a littafin bayanai: suna, kaya, aiki, bashi.

Suna shi ne abin da mutane ke kira da abin da suke ji idan an kira shi. Ka zaɓi suna gajere da bakin yara zai iya ɗauka, wanda ba na yanka ba, don na yanka ba a gadonsa ta wannan hanya.

Kaya kada su wuce uku, kuma ɗaya ne kawai zai zama alama. Na Burtu: kan burtu, ƙaho, da igiyar rama. Ka san kayan kamar ka taɓa riƙe su. Kan burtu na maharba itace ne da aka sassaƙa da siffar kan tsuntsun da dogon wuyansa, a rufe da fata, wani lokaci a manna masa jajayen 'ya'yan idon zakara, a ɗaure shi a goshi da maɗauri. Maharbi yana lulluɓa da baƙin zane, ya sunkuya, yana gyaɗa kai kamar tsuntsu mai kiwo, har ya kusanci nama. Wannan bayani kaɗai ya ba ka tafiyar jaruminka, da ciwon bayan da zai kama shi a tsufa, da abin da sabon zai sha wuyar koya.

Aiki shi ne alƙawarin da sunan ke ɗauke da shi. Ka rubuta shi cikin jimla ɗaya. "Dabbar da aka kora daga garin nan za ta kwana a turkenta kafin kasuwa ta ci." Idan ya fi jimla ɗaya, ba ka gama tunani ba.

Bashi shi ne kashin da marubuta ke mantawa, alhali shi ne ƙashin bayan labarin. Tsohon ya taɓa yin kuskure, kuma wanda ya ɗauki sunan ya ɗauki kuskuren. A 1996 Malam Audu ya bi sawu har bukkar wani bawan Allah, ya ɗaure shi, aka kore shi daga gari da iyalinsa. Bayan shekara biyu ya gane ba shi ba ne, ya yi shiru. Habu zai ɗaura kan burtu yana zaton yabo kawai ya gada. Idan babu irin wannan bashi, abin da ka rubuta sauyin ma'aikaci ne kawai, an cire wani an sa wani.

Hattara: masu karatunka sun san hukuncin gado. Duk abin da mamaci ya mallaka, har ƙaho da igiya, haƙƙin magada ne, wasiyya kuma ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku, kuma ba a yi wa mai gado wasiyya. Idan Habu yaron gida ne ba ɗa ba, dole ka nuna ta inda kayan suka zo hannunsa: ko an ba shi kyauta tun mai su na da rai, ko wasiyya ce a gaban shaidu, ko magada sun yafe. Kada ka ɗauki wannan a matsayin cikas. Rigimar da za ta tashi ranar rabon gado babi guda ce da ka samu kyauta.

4. Yanke shawara: gari ya sani ko bai sani ba

Manyan hanyoyi biyu ne.

Ta farko, a ɓoye. Gari na zaton mutum ɗaya ne tun fil azal. Sanannen misali a labaran zane na Amurka shi ne Phantom, wanda Lee Falk ya ƙirƙira a 1936: a cikin labarin, ɗa na gadon uba tun 1536, na yanzu shi ne na 21, mutane kuma na zaton fatalwa ce da ba ta mutuwa. Idan wannan ka zaɓa, ka rubuta sunayen waɗanda suka san sirrin, kada su wuce uku, ka kuma warware matsalolin ƙauye. A gari mai gida 200 kowa ya san tafiyar kowa, ya san tarin kowa. Wa ya wanke gawar Malam Audu ya ga tabon maɗauri a goshinsa? Ina Habu yake cewa ya je idan ba a gan shi a sallar asuba ba?

Ta biyu, a fili, kuma ita ce ta fi kusa da mu. A fagen dambe ana kiran mutum Autan wane, Shagon wane, Bahagon wane, Garkuwan wane, kowa ya san ubangidansa, kowa na auna shi da shi. Haka sarautun sana'a: Sarkin Ruwa, Sarkin Maƙera, Sarkin Aska. A wannan hanya babu wahalar ɓoyo, wahalar ita ce bakin mutane. Kowane motsi na sabon, akwai mai cewa "Allah ya jiƙan mazan jiya".

Ga wanda yake rubutun farko, mun fi son ta biyu, ko kuma rabi da rabi: gari bai san fuskar ba, amma ya san an canza mutum, domin sabon ya fi tsohon tsawo.

5. Fitar da tsohon daga fage

Mutuwa, tsufa, rauni, kunya, ko ɓata. Kowacce da kuɗinta. Mutuwa ta fi tsabta, amma ta hana ka hirar tsoho da yaro. Tsufa ta ba ka hirar, amma tsohon zai riƙa sace fage, don masu karatu sun fi sonsa. Idan ka bar shi da rai, ka ɗauke masa abu ɗaya da ba ya dawowa, kamar ido ko ƙafa.

Hattara: ba a sarki biyu a gari ɗaya. Idan a ranka kana shirin dawo da tsohon da ƙarfinsa, to magajin ɗan riƙo ne, kuma masu karatu za su shinshino hakan. Kamfanin DC na Amurka, mai buga labaran zane, ya kashe jaruminsa Barry Allen, mai sunan Flash, a 1985, Wally West ya riƙe sunan fiye da shekara 20, sannan aka dawo da Barry a 2008. Su suna da mujallu da yawa da za su raba wa jarumai. Kai littafi ɗaya gare ka.

6. Zaɓi magaji, ka kuma zaɓi wanda aka tsallake

Mutum biyu za ka gina a nan, ba ɗaya ba. Hausawa sun ce kyan ɗa ya gaji ubansa, sun kuma ce albasa ba ta yi halin ruwa ba. Labarinka yana tsakanin waɗannan biyun.

Ka ba magajin abu ɗaya da ya yi kama da tsohon, da abu biyu da suka saɓa. Habu yana da haƙurin Malam Audu, zai iya kwana a gindin kalgo ba motsi. Amma shi mai surutu ne da son mutane, kuma bai iya sawu sosai ba, ya fi gane sawun tayar babur fiye da na kofato. Saɓanin nan ba ado ba ne, da shi za ka warware ƙarshen labari a mataki na 10, don haka ka zaɓe shi da lissafi.

Wanda aka tsallake kada ya zama mugu. Sale ya fi Habu ƙarfi, ya fi shi iya harbi, kuma jininsa ne. Yana da gaskiya idan ya ce ɗan na gada ya fi ɗan na koya. Abin da ya hana uban ba shi, zuciya ce: Sale ba zai iya riƙe dokar hana zubar da jini ba. Idan mai karatu bai ɗan ji tausayin Sale ba, ka sake rubuta shi.

Magaji na iya zama mace, 'ya ko jika. Idan haka ne, ka amsa tambayoyin da 'yan garinku za su yi: ta yaya take fita da dare, wa ke rufa mata asiri a cikin gida, me zai faru idan maganar aure ta taso. Idan ka tsallake su, mata masu karatu ne za su fara kama ka.

Hattara: kada ka cusa wa masu karatu magaji mai raina na gabansa. A 1988 kamfanin DC ya ba masu karatu lambobin waya su zaɓi ko Jason Todd, wanda ya gaji sunan Robin, yaron jarumi Batman, ya rayu ko ya mutu. Masu cewa ya mutu suka yi rinjaye da ƙuri'a 72. Naka masu karatun ba za su buga waya ba, fita za su yi daga zauren WhatsApp ɗin kawai.

7. Jera babi bisa kalandar gari

Babi 12, kowanne kalma 1,200 zuwa 1,500, ya isa littafi na farko. Ba sai ka ƙirƙiri ma'aunin lokaci ba, al'ada ta riga ta ba ka: sadakar uku, ta bakwai, ta arba'in, da fitar takaba bayan wata huɗu da kwana goma.

Babi na 1 da na 2, tsohon yana aiki, mu gan shi da idonmu, mu ga ya fara gazawa. Na 3, rasuwa. Na 4, zaman makoki har sadakar uku, inda kowa ke ba da labarinsa, labaran kuma ba su dace da juna ba. Na 5, daren bakwai aka yi sata, babu wanda ya fita, gari ya gane abin da ya rasa. Na 6, miƙa kaya. Na 7, fitar farko. Na 8 da na 9, koyo da rigima da Sale, har arba'in. Na 10, bashin ya fito fili. Na 11, babban karo. Na 12, abin da ya rage.

Ka ɗaura wannan a kan yanayi. Idan Malam Audu ya rasu da kaka, ana cikin yankan dawa, arba'in za ta faɗa cikin hunturu, lokacin da ƙura ke rufe sawu kafin gari ya waye. Babban karo zai zo da rani, dabbobi sun gangara fadama. Ka lura da wata ma: ɓarawo ba ya son farin wata. Ka kuma san ranakun kasuwa, don dabbar sata kasuwa take nufa. Maigatari Alhamis take ci, Wudil Juma'a, Dambatta Lahadi. Satar da aka yi ranar Talata da dare a ƙasar Gumel ta ba jaruminka kwana ɗaya da yini kafin dabbar ta shige cikin dubbai. Ka ga agogon labari ke nan, ba tare da ka ce "lokaci na ƙurewa" ba.

8. Rubuta miƙa kaya da fitar farko

Waɗannan babi biyu su ne masu karatu za su tuna, don haka ka ba su ninkin lokacin da ka ba sauran.

A miƙa kaya, ka rage magana. Kada a yi huɗuba. Ga yadda zai iya kasancewa. Matar marigayi tana cikin takaba, ta aika a kira Habu bayan isha'i. Ya durƙusa a bakin ƙofar ɗaki. Ta turo wata tsohuwar taska da ƙafarta, ba ta dube shi ba.

"Malam ya ce in ba ka. Ya faɗa a gaban liman."

"Inna, ga Yaya Sale fa."

"Ni ma na faɗa masa haka. Ya ce yaron nan hannunsa na da sauri."

Ka lura ba ta kira sunan mijinta ba, ba ta kuma kira sunan ɗanta na fari ba. Marubucin da ya sa tsohuwar ƙauye ta ce "Audu ya ce" ya zubar da babin gaba ɗaya. Haka idan Habu ya je gaban mai gari, "ranka ya daɗe" zai ce, daga durƙushe, hularsa a kai, takalmansa a waje.

A fitar farko kuwa, dole ya kasa. Ba mummunar kasawa da za ta sa a raina shi ba, kasawar da ta fito daga kayan da ba nasa ba. Zanen aro ba ya rufe katara. Maɗaurin kan burtun ya saba da kan Malam Audu, ya yi wa Habu yawa, sai ya huda sabuwar ƙofa da basilla a hasken tocila. Fatar na warin man shanu da gumin wani. Da ya sunkuya ya yi taku 50, cinyoyinsa suka fara rawa. Karen marigayi ya biyo shi, ya shinshina zanen, ya kaɗa wutsiya, ya shinshina ƙafar, ya juya gida. Ya busa ƙaho, sautin ya fito kamar kukan ɗan akuya, ɓarayin suka yi dariya daga cikin duhu suka wuce da tumaki huɗu. Da safe a bakin masallaci wani ya ce, "Daren jiya na ji Burtu na mura."

Hattara: kada ka gyara kasawar da laya. Idan ƙarfin yana cikin guru ko kambu, duk wanda ya ɗaura ya zama jarumi, to magajinka ba shi da wani amfani. Ban da haka, jingina nasara ga tsafi zai jawo maka surutun da ba ka shirya masa ba daga malamai da iyaye. Ka bar mutanen labari su yi ta jita-jitar asiri, kai kuma ka nuna wa mai karatu aikin gwiwa da ido.

9. Gyara kirari

Kirari shi ne rajistar sunan. Ka rubuta na tsohon tun a babi na 1, layi uku ko huɗu, ka sa makaɗin gari ya yi shi:

Burtu na bakin fadama, mai kiwo ba sanda,
Tsuntsun da ba ya tashi, sai dai ɓarawo ya tashi,
Sawu allonka, raɓa tawadarka.

Bayan rasuwa makaɗin ya daina. A babi na 7 zuwa na 11 kada ya yi wa Habu ko layi ɗaya, ko da an ba shi kuɗi. Sai a babi na 12 zai ɗaga kalangu ya yi tsohon kirarin, sannan ya ƙara layi ɗaya sabo wanda ba zai dace da Malam Audu ba. Wannan layi shi ne naɗin sarautar, ya fi duk wani jawabin mai gari. Ka karanta kirarinka da ƙarfi a gaban makaɗin da ka ziyarta. Idan ya gyara maka kalma, ka karɓa, kunnensa ya fi naka.

10. Ɗaura abokin gaba a kan bashin, ka ba magaji abin da tsohon ba zai iya ba

Abokin gaba mafi ƙarfi shi ne wanda ke bin sunan bashi. Ɗan mutumin da aka kora a 1996 yanzu ya haura shekara 30. Bai san Audu ba, bai san Habu ba, Burtu ya sani. Idan Habu ya ce "ba ni ba ne", amsar ita ce, "To cire kan." Nan ne tsakiyar littafinka: ya ajiye sunan ya tsira, ko ya riƙe shi ya biya.

Yanzu ka koma ga saɓanin da ka zaɓa a mataki na 6. Malam Audu shi kaɗai yake aiki, kuma girman kai ya hana shi cewa ya yi kuskure. Habu mai son mutane ne. Shi zai iya tsayawa a ƙofar mai gari da rana tsaka ya faɗi abin da aka binne, a mayar wa iyalin gonarsu. Shi zai iya haɗa manoma da makiyaya da 'yan acaɓa su riƙa sanar da juna ta waya idan an ga baƙon babur. Ɓarayin yau da mota suke lodi, bin sawu da ƙafa ba zai kamo su ba. Idan ya ci nasara da dabarar tsohon tsantsa, ka nuna mana cewa kwafi ne. Idan ya ci da tasa tsantsa, to me ya gada? Ka haɗa: dokar tsohon, hanyar sabon. A babban karo Sale zai ɗaga bindiga, Habu ne zai riƙe bakinta.

Hattara: kada ka mai da wata ƙabila ko wata sana'a ɓarayi. Ka sa wanda aka yi wa sata da wanda ya taimaka da wanda ya ci amana su fito daga kowane ɓangare. Kada kuma ka sa sunan ƙauye na gaske a matsayin maɓoyar ɓarayi, ko ka kwatanta mai garin da kowa zai gane. Manyan garuruwa da kasuwanni su tsaya da sunansu, ƙauyen labari ka ƙirƙira masa nasa.

11. Gwada shi a kunne kafin ido

Ka tara mutum biyar, a cikinsu a samu dattijo ɗaya da mace ɗaya da yaro ɗan sakandare. Ka karanta musu babi na 1, na 6 da na 7. Kada ka tambaye su ko ya yi daɗi, za su ce ya yi. Ka tambaye su abu uku: me Malam Audu ba ya yi ko ana ha maza ha mata? Wa ya fi cancanta, Sale ko Habu? Me Habu zai yi da tsohon ba zai yi ba? Idan suka yi gardama a kan ta biyu, aikinka ya yi. Idan duk suka amsa da baki ɗaya, ka koma mataki na 6.

12. Fitarwa da lissafin kuɗi

Idan a WhatsApp ko Facebook za ka saki, ka gama babi 12 ɗin kafin ka saki na farko, sannan ka riƙa sakin biyu a mako. Wanda ke rubutu yana saki, da ya ga ana kukan tsohon jarumi sai ya dawo da shi, ya rushe ginin da kansa.

Idan bugawa za ka yi, ga lissafin. Babi 12 masu kalma 1,500 sun ba da kalma 18,000. A ƙaramin shafi mai ɗaukar kalma 300, shafi 60 ke nan. Takardar A4 ɗaya idan an naɗe ta biyu tana ba da shafi huɗu, don haka kowane kwafi zai ci takarda 15, kuma dole jimillar shafukanka ta rabu da huɗu. Kwafi 50 takarda 750 ne, wato rim ɗaya da rabi, tunda rim 500 ne. Ka ƙara kwalin bango 50, da ladan mai zanen bango, da na mai buga rubutu a kwamfuta idan ba da kanka za ka yi ba, da kuɗin mota zuwa Kano, Dutse ko Hadeja sau biyu, kai aiki da karɓowa. Ka nemi farashi a shago uku a rana ɗaya, ka sa a buga maka kwafi ɗaya na gwaji tukuna. Abin da za ka fara dubawa shi ne haruffa masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, don wasu na'urori kan mayar da su akwati, "ƙaho" ya koma abin da ba a iya karantawa.

Hattara biyu a nan. Sunaye da siffofin jaruman kamfanonin waje mallakarsu ne, dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 kuma tana kare aikin marubuci har shekara 70 bayan rasuwarsa. Dabarar gadon suna ta kowa ce, amma idan jarumin wani marubucin Hausa kake son ci gaba da shi, sai da izininsa ko na magadansa, a rubuce. Sannan idan a jihar Kano za ka sayar, Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i, wadda aka kafa a 2001, ikonta ya haɗa da littattafai, don haka ka je ofishinsu da kwafin gwajin kafin ka biya kuɗin sauran 49.